Kayan auna lafiyar wurin kiwo: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk mai gandun kiwo ko saurar da ya ware wa dabbobinsa a jihar Damagaram, daga Mirya har Tanut da Gure, tambaya ɗaya ce ke gabansa idan damana ta janye: ciyawar da ke tsaye za ta kai garken har faɗuwar ruwa, ko kuwa a rage dabbobi tun suna da ƙiba, a tanadi dusa kafin ta yi tsada? Kayan da ake tallatawa don amsa wannan tambaya sun yawaita, kuma ba duka ne suka dace da ƙasarmu ba.

Abin da nake fifitawa a kan kome shi ne wanda ya fi araha: murabba'in ƙarfe, mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, tare da lauje, da ƙananan buhunan yadi, da sikelin da ke auna giram. Kowane mai walda a cikin gari zai haɗa maka murabba'in da rodi, sai dai ka tsaya a gabansa da abin awo, domin idan ya rage santimita 10 a kowane gefe, kusan kashi ɗaya cikin biyar na filin ya tafi, lissafinka kuma ya karkace tun daga tushe. A ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, lokacin da ciyawa ta gama girma ba ta fara kakkaryewa ba, sai ka ratsa filin a miƙe, kana aje murabba'in bayan kowane taku hamsin, ko ina ya faɗa, ko da a kan fako ne. Wanda ke zaɓen wuri mai duhun ciyawa kansa yake ruɗi. Ka yanke abin da ke ciki daf da ƙasa, ka shanya shi cikin buhunsa har nauyinsa ya daina raguwa, sannan ka auna. Wuri ashirin zuwa talatin ya isa fili matsakaici, amma jigawa da fadama kowace a yi mata nata lissafi.

Lissafin ba shi da wuya. Giram 100 na busasshiyar ciyawa a murabba'i ɗaya daidai yake da ton ɗaya a hekta. Masana kiwo suna ƙiyasta cewa dabba mai nauyin kilo 250 tana cin kilo 6.25 na busasshen abinci a rana, wato kusan ton 1.7 a watanni tara na rani. Ba duk abin da ka auna ne ke shiga cikin dabba ba: iska, da gara, da tattakawar kofato suna cinye nasu, kuma dole a bar wa ƙasa abin rufa jiki, shi ya sa ake lissafa kusan kashi ɗaya cikin uku kawai. Ke nan filin da ya ba da ton ɗaya a hekta, saniya guda tana buƙatar wajen hekta biyar a cikinsa. Mutane da yawa sukan yi shiru idan suka ga wannan adadi, domin garkensu ya ninka abin da filin zai ɗauka.

Babban dalilin da ya sa na fi son wannan hanya shi ne tana tilasta maka durƙusawa ka ga abin da ke tsirowa da idonka. Kana yanka kana rarrabewa: ga ƙarangiya, ga gadagi, ga kyasuwa, ga kututturen gamba idan Allah ya sa da sauransa, gefe guda kuma ga garmani da fataka, waɗanda dabba ke ratsawa ta wuce. Idan ka rubuta wannan a littafi shekara bayan shekara, ka kuma ɗauki hoto da wayarka daga gindin itace ɗaya kana fuskantar gabas, za ka ga ranar da gamba ta fara ɓacewa garmani ya fara mamaye wurin, tun kafin shanu su nuna maka da haƙarƙarinsu.

Hoton tauraron ɗan'adam yana da amfani, ban musa ba. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 2015, suna ɗaukar wuri ɗaya kusan duk kwana biyar, kuma kowane ɗigo a hoton mita 10 ne a ƙasa. Cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da ruwa da noma da ke Yamai da ma'aikatar kiwo suna aiki da irin waɗannan hotuna, kuma ga mai fili mai faɗi a wajen Tesker, ko mai son sanin inda ruwa ya sauka kafin ya kora garke, babu kamarsu. Amma tauraro kore yake gani, ba ya tantance abinci. Girgijen Agusta yana rufe masa ido, idan ciyawa ta bushe kuma sai ya rasa abin faɗa. Ita kanta ma'aikatar, ma'aikatanta sukan fita daji a ƙarshen damana su yanka su auna kafin a fitar da lissafin abincin dabbobi na shekara. Jirgi mara matuƙi kuwa, da tsadarsa, da neman izinin hukuma, da ƙurar da ke kashe shi, ban ga makiyayin da zai ci ribarsa ba.

Nan ne kuma ya kamata a buɗe ido, domin macuta sun shigo harkar. Wani dillali ya taɓa nuna mini taswira koriya shar a wayarsa, ya ce ta filin da yake son in kama haya ce, na biya, da muka kai dabbobi sai muka tarar garmani ne ya kai gwiwa daga wannan iyaka zuwa waccan. Hoton bai yi ƙarya ba, mai nuna shi ne ya san abin da ya ɓoye. Duk wanda ya kawo maka irin wannan taswira, ka nemi ranar da aka ɗauke ta, domin hoton bara mai albarka ana iya sayar da shi a shekarar fari. Ka nemi ya nuna maka rijiya ko hanyar da ka sani a ciki, don ka tabbata filin ne. Sannan ka taka da ƙafarka. Ka sani kuma hotunan Sentinel kyauta ake samunsu a intanet. Ana iya biyan mutum ladan fassara su, amma wanda ya ce shi kaɗai ke da su, ba gaskiya ya faɗa ba.

Haka ƙananan na'urorin nan masu tsinke biyu da ake cewa suna auna tsamin ƙasa da danshi da haske a lokaci guda. Yawancinsu awon tsaminsu ba abin dogaro ba ne. Kafin ka biya, ka jiƙa ƙasa da ruwan tsamiya a kofi ɗaya, da ruwan kanwa a wani, ka soka tsinken a kowanne. Idan adadin bai canza sosai ba, ka mayar wa mai kaya abinsa. Sikeli ma ana cuta a kansa. Sikelin rataye buhu, mai ɗaukar kilo hamsin, ba ya jin giram ɗari, don haka ka nemi ƙarami mai batir, ka gwada shi a shagon da ruwa: lita ɗaya kilo ɗaya ce, bayan an cire nauyin gora. Ka ɗora sau uku, idan ya ba ka amsa uku, bar shi.

Idan da sauran kuɗi bayan murabba'i da sikeli, ka ƙara ma'aunin ruwan sama na roba, ka kafa shi a fili nesa da itace da bango, a sami yaro mai karatu ya riƙa rubuta milimita da kwanan wata bayan kowane ruwa. Idan ciyawa ta ragu a shekarar da ruwa ya wadata, mai yiwuwa laifin na yawan kiwo ne, sai ka killace wani sashe ya huta damana mai zuwa.