Kaftani ko kwat ranar intabiyu?

Duk lokacin da aka fara kiran ɗalibai intabiyun gurbin karatu ko tallafi, sai ƙannena a Jos su dame ni: "Yaya, kaftani zan sa ko kwat?"

Wajen kuɗi kaftani ya fi sauƙi. Wane saurayi ne ba shi da shaddar Sallah a akwati? Wanki da guga kawai, sai hula da takalmi sau-ciki. Kwat kuwa sai an saya. Ana dace da mai kyau a gwanjon kasuwar Katako ta Jos, amma in ba a kai wa tela ya rage ba, kafaɗa ta zazzago, hannu ya haɗiye yatsu, sai ka ce ta kawu aka aro.

Kaftani ma yana da tarkonsa: aiki mai ƙyalli da sitati har yana ƙara, ka shigo kamar ango.

A sanyin Disamban Jos kwat ni'ima ce. A zafin Maris na Abuja, kafin a kira sunanka gumi ya jiƙa kwala.

Wanda ya saba da manyan kaya, aljihu kuma ba nauyi, ya sa kaftani mara hayaniya. Mai shirin karatu a Ingila ya sayi kwat, zai more ta can.