Dashen haƙori a Kano: sai da aka fara yi min cikon ƙashi

Shekara 3 da cire min turmin haƙori na ƙasa, na je wani asibitin haƙori mai zaman kansa a Kano domin a dasa min wani. Na ɗauka ranar za a gama. Da likita ta ɗauki hoton muƙamuƙina, sai ta juyo min da fuskar kwamfutar: "Malam, duba nan. Ƙashin ya zaizaye, ƙusar da za a ɗora sabon haƙorin a kanta ba za ta samu wurin kamawa ba." Ashe in an cire haƙori aka bar gurbin, ƙashin wurin janyewa yake yi.

Abin da ya sa nake yaba wurin nan shi ne zaman da ta yi da ni kafin ta taɓa bakina. Ta ce don cike gurbin ana iya ɗebo ƙashina daga haɓa ko can ƙarshen muƙamuƙi, shi ya fi saurin haɗewa, amma ciwo biyu ke nan. Akwai na wani mutum da aka tace, akwai na roba da ake haɗawa da sinadarin kalsiyam, akwai kuma na saniya irin su Bio-Oss, wanda aka ƙone aka bar ma'adinin kawai. Na zaɓi na saniya.

Sai ta kawo maganar da ban taɓa tunani ba: 'yar fatar da ake rufe garin ƙashin da aka zuba a gurbin da ita. Wasu, kamar Bio-Gide, daga alade ake yin su. Ita da kanta ta faɗa min, ta nemo min wadda babu alade a ciki. Wallahi a nan ta saye ni. Duk wanda za a yi wa aikin nan, ya tambaya.

Aikin bai kai awa ɗaya ba, allurar kashe zafi ce kawai. Kumburi ya fi tsanani a rana ta 3, kuma ina jin ɗan tsaki-tsaki kamar yashi a harshe. Sati guda koko da fura na sha, babu goro, babu asuwaki a ɓangaren. Bayan wata 5 aka sa ƙusar titaniyom.

Ƙorafina ɗaya: kuɗin fatar da na hoto na biyu ba su cikin lissafin farko, sai a wurin biya na ji su. Ya kamata a rubuta wa mutum komai tun ranar farko.

Jiya da ɓangaren na tauna kilishi.