Kafin ka sayi filta a Akra, fara gane ciwon ruwan gidanka

Kwanaki Innata da ke Madina ta kira ni hankalinta a tashe, wai wani saurayi mai tallan injin tace ruwa ya zo gidan, ya tsoma wasu ƙarafa a kofin ruwan famfonta ya jona wuta, kafin minti biyu ruwa ya koma ja-ja baƙi-baƙi kamar ruwan kwata, ya ce mata abin da take bai wa jikokinta ke nan kullum. Na ce Inna don Allah ki riƙe kuɗinki tukuna. Wannan launin daga jikin ƙarfen nasa yake fitowa in wuta ta ratsa, ko ruwan kwalba mai tsada ka sa masa indai akwai ma'adinai a ciki zai rine.

Wannan ne ya sa na ce bari in rubuta, don mutanenmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango da yawa suna sayen maganin ciwon da ba su da shi.

Ruwa mai nauyi da masu tallan ke ta faɗa, shi ne wanda kalsiyam da magniziyam suka yi masa yawa. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa, butar lantarki tana yin farin abu kamar alli a gindi, kan shawa yana toshewa. Masu awo suna cewa ƙasa da miligiram 60 a lita ruwa ne mara nauyi, in ya haura 120 ya fara nauyi, sama da 180 kuwa ya yi sosai. Kuma ba ya kashe mutum fa, sabulunka da hitarka kawai yake ci. Gwajin gida ba wuya, ka zuba ruwa rabin gora, ka kankare ɗan sabulun Key Soap ko sabulun alata a ciki ka girgiza. Kumfa ta tashi ta tsaya, lafiya lau. In ruwan ya yi fari-fari kumfa ta mutu nan take to akwai nauyi. Kar ka gwada da omo, shi ko a ina kumfa yake.

To ruwan famfon Akra dai na kogi ne, yammacin gari daga Weija a kan Densu, gabas kuma daga Kpong a kan Volta, kuma ruwan kogi irin wannan galibi ba shi da nauyi. Abin da ke damun mai famfo daban ne, ruwa ya ɗauke kwana da kwanaki, ranar da ya dawo na farkon ya zo da laka da tsatsar bututu, sai a tara a tankin roba na Polytank da jarkar nan da ake ce wa galan ɗin Kufuor ya yi sati a ajiye, kulorin ɗin da aka sa ya gama fita, tankin ma rabonsa da wanki tun ranar da aka ɗora shi. Mai bohol shi ne ke fama da ɗaya ɓangaren, don ƙasan Akra wurare da yawa ruwan zartsi ne, ka kurɓa ka ji gishiri-gishiri, wani kuma ƙarfe ne ya yi masa yawa sai ya rina farar jallabiya da tayil ɗin banɗaki ja. Ruwan tanka kuwa sai ka tambayi direba inda ya ɗebo, in ya faɗa maka gaskiya.

Yanzu abin saye. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, tana rage wani ɓangare na nauyi (shi ne allin nan na gindin buta), amma gishiri ko ka ƙarar da silinda ɗin gas yana nan. Filtar bokiti mai kyandir na yumɓu ita ce nake ganin ta fi dacewa da mai ɗaki ɗaya a gidan haya, ba ruwanta da dumsor, wato ɗauke wuta, ba sai ka roƙi maigida ya bari a yanka bututu ba, tana riƙe laka da yawancin ƙwayoyin cuta, aibinta jinkiri ne, ɗis-ɗis take yi, kuma kyandir ɗin in ya tsage ko kaɗan ya tashi aiki. Mai gawayi da ake ɗaurawa a bakin famfo ko ƙasan sink tana gyara wari da ɗanɗanon kulorin, shi ke nan, kar wani ya ce maka tana cire gishiri.

In gidanka ne kuma kana da tanki, ka sa filtar laka mai gidan roba a bututun da ke shiga tankin, kana ganin ta yi ja ka canza cikinta. Wallahi wannan da wanke tanki ko sau biyu a shekara ya fi wa mai famfo amfani a kan duk wani inji mai fitila.

Softina, wadda ake zuba wa gishiri lokaci-lokaci, aikinta cire nauyi kawai. Mai bohol da aka auna aka ga nauyi ne ke buƙatarta. Ba ta kashe cuta, kuma ruwan zartsi ba ta iya masa komai. Na zartsi sai injin RO, mai tura ruwa da ƙarfi ta cikin matata mai ƙananan ƙofofi sosai, shi kam yana cire gishirin da gaske amma ka shirya, yana son wuta da ƙarfin ruwa, sau da yawa abin da yake zubarwa ya fi abin da yake ba ka, ga canjin filtoci da ba ya ƙarewa. Kafin ka biya ka tambaya a ina ake samun kayan canjinsa a nan Akra, wani maƙwabcina nasa na nan a kicin ya zama wurin ajiye kwano saboda wanda ya sayar masa ya daina ɗaga waya.

'Yar na'urar TDS mai kama da biro ba laifi a mallake ta, tana nuna yawan abin da ya narke a ruwa, ƙasa da miligiram 600 a lita ɗanɗano na da kyau, sama da 1000 sha ya fara wuya. Amma ba ta ganin ƙwayar cuta ko ɗaya, ruwa zai iya nuna 50 ya sa ka gudawa. Wanda ya haƙa bohol ya kai samfur hukumar tantance inganci ta Ghana Standards Authority ko cibiyar binciken ruwa ta CSIR a auna masa, kuɗin awon bai kai na injin da ba ka buƙata ba. Fiya wata kuma da muka dogara da ita, jaka mai guda 30, a duba lambar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, a jiki, a daina sayen wadda ta wuni a rana, ledarta ma ai ita ke cika mana gota.

Inna dai mun yi gwajin gora kumfa ta tashi har wuya. Da aka buɗe tankinta lakar da ke ƙasa ta kusa rufe yatsana, aka kira yara biyu suka wanke, muka sa filtar laka a bututu, na kawo mata ta bokiti don ruwan sha. Saurayin ya dawo ranar Laraba ta ce masa ya gaida gida.