Hattara da mai tallan "wasan Blind Faith a Legas"

'Yan uwa masu tara tsofaffin faifai da kaset, musamman waɗanda kiɗan jita na Ingila na ƙarshen shekarun 1960 ya shiga ransu, akwai wani mutum da ke zagaya zaurukanmu na WhatsApp da Facebook yana tallan abin da bai taɓa wanzuwa ba. Ni ya riga ya ci nawa, dala 60, kuma bayan ni ya taɓa mutum biyu da na sani. Ambaton sunansa ba shi da amfani, domin sunan da ya ba ni daban, wanda ya ba su daban, lambar wayar ma ya sauya.

Ga tatsuniyar tasa. Wai yana da sautin wani wasa da Blind Faith, ƙungiyar mawaƙan Ingila, ta yi a Legas a 1971, wai wani injiniya ne ya naɗa kai tsaye daga na'urar haɗa sauti ya jefa a akwati, sai bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka tono. Zai turo maka hoton kaset da ya yi jawur da tsufa, da rubutun biro a jiki, da ɗan guntun sauti na daƙiƙa talatin. Sannan ya ce mutum biyar kaɗai zai sayar wa, kuma saura gurbi ɗaya.

Ƙaryar ta kama ni ne saboda ya jingina ta da gaskiya. Ginger Baker, makaɗin gangar ƙungiyar, ya zauna a Najeriya da gaske. Ya keto Sahara da mota a 1971, ya yi abota da Fela Kuti, ya kafa ɗakin naɗar sauti a Legas. Duk wanda ya san wannan, da ya ji "Blind Faith a Legas" sai zuciyarsa ta ce ai zai yiwu. Ni ma haka tawa ta ce, kwaɗayi ya hana ni yin lissafin da yaro ma zai iya.

Blind Faith ba ta kai shekara guda a duniya ba. A 1969 aka kafa ta, a 1969 ta watse. Mutum huɗu ne: Eric Clapton da Ginger Baker daga ƙungiyar Cream, Steve Winwood daga ƙungiyar Traffic, sai Ric Grech daga ƙungiyar Family. Wasansu na farko a Hyde Park ta Landan aka yi shi ranar 7 ga Yuni, kyauta, a gaban mutum wajen dubu ɗari. Daga nan suka yi 'yan wasanni a ƙasashen Sikandinebiya cikin watan, suka haye Amurka suka fara da Madison Square Garden a New York ranar 12 ga Yuli, suka rufe a Hawaii a ƙarshen Agusta. Faifai ɗaya suka fitar, mai waƙa shida. Shi ke nan. Lokacin da Baker ya kama hanyar Legas, ƙungiyar ta yi kusan shekara biyu da rasuwa. Duk wasan da aka ce maka nata ne, in kwanan watansa bai faɗa tsakanin Yuni da Agustan 1969 ba, rufe maganar.

Bayan na biya ya turo fayil, na sa a kunne, sai na ji kamar na san wannan tafin. Ashe wasan Gothenburg ne na ƙasar Suwidin, wanda masu tara irin waɗannan kaya suka daɗe suna miƙa wa juna kyauta. Abin da ya yi kawai shi ne ya yanke wuraren da ake magana tsakanin waƙoƙi, ya zuba hayaniyar wani taro a kai. Ko a ingancin sautin ma ya cuce ni. Ya ce FLAC ne, wato nau'in fayil da ba ya rage ingancin sauti, daga kaset na asali, amma da na buɗe shi a manhajar Spek mai nuna zanen sauti, sai na ga sautin ya yanke ƙat a wajen kilohaz 16, babu komai sama da nan. Wannan tabon MP3 ne mai rauni, irin fayil ɗin da ake matsewa ingancinsa ya ragu, da aka sauya wa riga. Manhajar Audacity ma tana nuna hakan, kuma dukansu kyauta ne, minti biyu ya ishe ka.

Wani abin da ya kamata ya farkar da ni tun farko: masu wannan harka na gaskiya ba sa sayar da sautin da ba a fitar a hukumance ba, musaya suke yi. Kuma kowane fayil yana tafe da salsalarsa a rubuce: a ina aka naɗa, daga cikin 'yan kallo ne ko daga na'ura, kaset na nawa ne a jerin kwafi, da wace na'ura aka juye shi zuwa kwamfuta. Na tambayi mutumin nan salsala, ya ce iyalan mamacin ba sa son a bayyana. Wasan Hyde Park kuwa, da na ji yana tallata wa wasu a matsayin "bidiyon da ba a taɓa gani ba", an daɗe da fitar da shi a DVD a kasuwa.

Sai batun biya. Ya nace a tura ta PayPal a sashen 'yan uwa da abokai, inda babu kariyar mai saye, ko a biya da kuɗin intanet na USDT, ko katin kyauta (gift card). Duk hanyoyi ne da kuɗi ba sa dawowa. Da na yi masa maganar Gothenburg, ko minti biyar ba a yi ba ya toshe ni, ya yi layar zana.

In ya shigo zaurenku, ku nemi ya ɗauki bidiyon kaset ɗin yana juyawa a cikin rediyo, da takarda mai kwanan watan ranar a gefe. Ku ɗauki hoton hirarku da shi kafin ya goge, ku tura wa masu kula da zauren. Wanda kuma yake son wasan Gothenburg ɗin, ya yi min magana in ba shi mai tsabta, ba ko sisi.