Watanni huɗu a cibiyar farfaɗo da masu raunin ƙwaƙwalwa

An kwantar da ƙanena a wannan cibiya makonni biyar bayan haɗarin babur da ya jefa shi cikin doguwar suma. Ranar da aka kai shi asibiti maki 7 ya samu a ma'aunin Gilasgo, wanda likitoci ke amfani da shi tun 1974 don auna zurfin suma. Ma'aunin yana tashi daga 3 zuwa 15, kuma duk wanda bai wuce 8 ba ana lissafa rauninsa cikin masu tsanani.

A wajen kula da jiki, ba ni da abin faɗa sai yabo. Ƙwararriyar da ke koyar da magana ta hana a ba shi ko da ruwa ta baki sai da ta gwada haɗiyarsa, abin da ya ɓata mana rai da farko, har ta fahimtar da mu cewa mai irin wannan rauni yakan haɗiyi abu ya zarce cikin huhu ba tare da ya yi tari ba, daga nan kuma ciwon huhu ya biyo baya. Masu gashin ƙashi suna miƙar da gaɓoɓinsa kullum don kada su sandare, ma'aikatan jinya kuma suna juya shi duk bayan awa biyu, shi ya sa bai taɓa yin gyambon kwanciya ba. A wata na uku ya fara takawa da sanda.

Inda cibiyar ta gaza shi ne halayya. Raunin nasa a gaban ƙwaƙwalwa yake, sashen da ke riƙe da haƙuri, kunya da tsara al'amura, amma babu wanda ya zaunar da mu ya ce mutum mai sanyin hali zai iya komawa mai saurin fushi da sakin baki. Sai da mahaifiyarmu ta fito daga ɗakinsa tana kuka, tana zaton ya tsane ta, sannan wata ma'aikaciyar jinya ta yi mana bayani a tsaitsaye. Masanin halayyar ɗan Adam kuwa sau ɗaya yake zuwa a mako biyu. Takardar sallama ta yi bayanin maganin farfaɗiya dalla-dalla, amma ba ta ce komai ba game da mantuwa da gajiyar da ke kwantar da shi bayan hirar rabin awa.

Zan iya tura wani can, da sharaɗin iyalinsa su nemi zama da masanin halayya tun a makon farko, kuma kada su karɓi sallama sai an rubuta musu yadda za a ci gaba da atisaye a gida.