Hattara da masu sayar da takardar ISO 27001 cikin mako guda

Abokan aiki da ke sashen kwamfuta ko sashen bincike a bankuna da kamfanonin inshora, ku yi hattara. Akwai wasu da ke bin mutane ta imel da LinkedIn, suna cewa za su samo wa kamfani takardar shaidar tsaron bayanai ta ISO 27001 cikin kwana bakwai, ba tare da wahalar bincike ba. Sun zo mana, kuma saura ƙiris mu rufta.

Sun iya zaɓar lokaci. Wani babban abokin hulɗarmu ya ce ba zai sabunta kwangila ba sai ya ga takardar, shugabanni kuma suka sa mu gaba. Ana cikin haka sai ga imel da tambarin ISO, wato ƙungiyar tsara ƙa'idojin inganci ta duniya, ɓaro-ɓaro a samansa, da sa hannun wani wai shi babban mai bincike: a biya rabin kuɗi, a cike fom, takarda ta iso.

Fom ɗin ne ya sa na dakata. A shafi na uku suna neman zanen yadda aka haɗa kwamfutocinmu, da sunayen ma'aikatan da ke amincewa da fitar da kuɗi, da asusun shiga kwamfutocinmu mai cikakken iko "na ɗan lokaci" don su duba daga nesa. Na taɓa zama da masu binciken gaskiya. Kusa da kai suke zama, kai ne za ka buɗe, su kalla, su yi ta tambaya har ka ƙosa. Ba sa karɓar makulli su tafi da shi.

ISO, wadda hedikwatarta ke Geneva, ba ta ba kowane kamfani takarda. Ita ƙa'ida take rubutawa, kuma ba ta yarda a buga tambarinta a kan takardar shaida ba. Kamfanonin tantancewa ne ke bayarwa, su ma akwai hukumar da ke tantance su. Binciken mataki biyu ne: a duba takardunka, sannan a duba ko abin da ka rubuta shi kake yi. Takardar shekara 3 take yi, ana dawowa dubawa duk shekara. Wanda ya shirya maka tsarin kuma ba shi ke ba ka shaida ba, amma su sun ce duka biyun za su yi. Samfurin takardar da suka turo ma a kan bugun ƙa'idar na 2013 yake, alhali wa'adinsa ya ƙare a ranar 31 ga Oktoba 2025, bugun 2022 ake bi yanzu.

Asarar kuɗin takardar bogi ita ce ƙarama. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne asusun nan. A Fabrairun 2016 ɓarayi sun shiga kwamfutocin babban bankin Bangladesh, suka yi amfani da bayanan shigarsa na SWIFT, wato hanyar da bankunan duniya ke aika wa juna umarnin biyan kuɗi, suka aika umarnin biya kamar daga bankin ya fito, dala miliyan 81 ta tafi Filifin. Su sai da suka sha wahala kafin su shiga. Mu kuwa da hannunmu za mu miƙa.

Kafin a biya ko sisi, a tambayi sunan hukumar da ta tantance su, a je shafin hukumar a ga ko suna ciki, a kuma nemi lambar takarda a IAF CertSearch, wato shafin intanet da ake tabbatar da ingancin irin waɗannan takardu. Idan an riga an cike fom, a rufe asusun nan take, a canza kalmomin sirri, a bi rajistar shiga a ga abin da aka taɓa, a sanar da shugaban tsaron bayanai a rubuce.

Ni da na tambayi mai binciken nan sunan hukumar, ya ce gobe zai turo. Kwana biyu bayan nan imel ɗinsa ya fara dawo da saƙo.