Jeri a kenel ko sanarwa nan take: yadda Linux ke gaya wa manhaja netwok ɗin da rediyo ya gano

Wani ɗan'uwa a rukuninmu yana rubuta ƙaramar manhaja a kan allon Linux mai rediyon IEEE 802.15.4, irin rediyon da Zigbee da Thread suke hawa a kai. Ya ce shi da Wi-Fi ya saba, inda zai buga `iw dev wlan0 scan dump` ya ga jerin netwok ɗin da ke kusa. Da ya koma 802.15.4 sai ya tarar babu jerin da zai je ya ɗauko, sai saƙonni da ke faɗowa ɗaya bayan ɗaya a lokacin lalube, wato binciken netwok ɗin da ke kusa, wasu ma maimaici ne. Yana so ya san ko aikin ne ba a ƙarasa ba ko da gangan aka yi, kuma wace hanya ta fi.

Da gangan ne, Malam, kuma a ganina daidai aka yi wa 802.15.4. Sai dai akwai aikin da aka sauke daga kan kenel, wato zuciyar Linux mai sarrafa kayan na'ura, aka ɗora maka, gara ka san shi tun yanzu.

Mu fara da wadda ka sani. A Wi-Fi manhaja tana aika `NL80211_CMD_TRIGGER_SCAN` ta netlink, hanyar saƙo tsakanin manhaja da kenel, katin Wi-Fi ya zagaya tashoshi, sashen cfg80211 na kenel ya tattara abin da aka ji cikin jeri guda. Idan an gama, kenel ya fitar da `NL80211_CMD_NEW_SCAN_RESULTS` ga duk wanda ya yi rajista a rukunin sanarwa mai suna `scan`. Wannan saƙon ba ya ɗauke da sakamakon, sallama ce kawai cewa kaya sun iso. Sai manhaja ta koma da `NL80211_CMD_GET_SCAN` ta juye jerin. Kenel ne ke haɗe maimaici, shi ke share duk netwok ɗin da ya kai daƙiƙa 30 ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ban da wanda na'urar ke haɗe da shi, kuma shi ke tsayar da jerin a kan guda 1000 idan ba a canja saitin ba.

A 802.15.4 kuwa, lalube ya shiga babban reshen Linux ne a 2023. Farkon iri ɗaya ne: manhaja ta aika `NL802154_CMD_TRIGGER_SCAN`, ta faɗi shafin tashoshi, wato rukunin da tashoshin suke ciki, da tashoshin da take so a duba, da tsawon zama a kowace tasha. Daga nan hanya ta rabu. Duk shelar (beacon) da rediyo ya ji daga jagoran wani netwok, wato saƙon da na'urar da ke kula da netwok ɗin ke watsawa don a san yana nan, kenel zai naɗe bayaninta ya watsa a rukunin `scan` na nl802154, ƙofar netlink ta 802.15.4, nan take: lambar PAN, wato lambar netwok ɗin, mai bit 16, adireshin jagoran, gajere mai bit 16 ko dogo mai bit 64, shafi da tasha, bayanin tsarin lokacinsa, da ma'aunin ingancin sigina LQI. Yana turawa ya manta. A ƙarshe `NL802154_CMD_SCAN_DONE` ya zo da dalili, ko an kammala ko an katse. Na Wi-Fi magatakarda ne da ke rubuta sunan kowa a littafi ya jira ka zo ka duba, na 802.15.4 mai gadi ne da ke ɗaga murya duk wanda ya gifta, bai damu ko ka ji ba.

Ba masu Linux ne suka ƙirƙiro wannan zaɓi ba, yana cikin ƙa'idar IEEE ɗin kanta. Akwai saiti mai suna `macAutoRequest`: idan a kunne yake, ana tara bayanan a miƙa su gaba ɗaya a ƙarshen lalube, kuma lalube kan tsaya idan ma'ajiyar ta cika. Idan a kashe yake, kowace shela ana miƙa ta sama da zarar an ji ta.

Inda hanyar sanarwa ta fi ƙarfi shi ne lokaci, kuma nan sai mun ɗan yi lissafi. Zama a kowace tasha shi ne alama 960 sau (2^n + 1), inda alama (symbol) ita ce ma'aunin lokacin rediyon, n kuma lamba ce da kake zaɓa tsakanin 0 da 14. A zangon 2.4 GHz kowace alama mikrosakan 16 ce, saboda haka alama 960 ta zama milisakan 15.36. Ka sa n = 3, za ka zauna kusan milisakan 138 a kowace tasha, tashoshi 16 daga ta 11 zuwa ta 26 su ci ɗan fiye da daƙiƙa 2. Ka sa n = 5, zaman ya haura rabin daƙiƙa, zagayen duka ya wuce daƙiƙa 8. A n = 14 tasha ɗaya kaɗai tana cin fiye da minti 4, zagayen duka ya wuce awa guda. To a ce netwok ɗin da kake nema yana tasha ta 12. Da sanarwa nan take, kana jin sa a tasha ta biyu sai ka aika `NL802154_CMD_ABORT_SCAN` ka kama gabanka. Da tsarin jira a gama, sai rediyo ya ƙarasa sauran tashoshi 14 a banza. Kuma ka tuna rediyo ɗaya ne: muddin yana yawon tashoshi, ba ya kan tasharsa ta aiki, saƙonnin na'urar suna tsaye. Ga na'ura mai batir, kowace daƙiƙar sauraro caji ne ke zuba.

Yanzu ga kuɗin da za ka biya. Maimaicin da ka gani ba kuskure ba ne. Jagora mai shela a kai a kai yana yin ta duk bayan alama 960 sau 2^BO, inda BO (beacon order) lamba ce da ke saita tazarar shelarsa. Idan BO ɗinsa 0 ne, shela ce duk milisakan 15.36, wato a zaman rabin daƙiƙa na n = 5 jagora ɗaya tal zai turo maka saƙo wajen 33. Kai ne za ka tace. Kada ka tace da lambar PAN kaɗai, domin maƙwabta biyu suna iya zaɓar lamba ɗaya, kuma netwok guda yana iya samun na'urori da dama masu shela. Haɗa shafi da tasha da lambar PAN da adireshi, su huɗun su zama makullin kowane layi a jerinka.

Na biyu ya fi ciwo, don shi shiru yake yi. Sanarwar rukuni a netlink ba ta da tabbacin isowa. Idan manhajarka ta shagala da wani aiki har ma'ajiyar soket ɗinta ta cika, kenel zai zubar da abin da bai samu wuri ba, abin da za ka gani kawai shi ne kuskuren `ENOBUFS`, mai nufin wuri ya ƙare, a karatu na gaba. A Wi-Fi wannan ba tashin hankali ba ne, sai ka sake juye jerin, yana nan. Ko jerin ya canja kana tsakiyar karatu, kenel zai sa maka tutar `NLM_F_DUMP_INTR` ka sake. A 802.15.4 abin da ya zube ya tafi ke nan, magani sai sabon lalube. Haka kuma idan ka ba da umarnin lalube kafin ka shiga rukunin `scan`, shelun tasha ta farko za su wuce ka ba tare da ko da `ENOBUFS` ɗin ba. Rajista tukuna, sannan umarni.

To me ya sa duk da haka na ce daidai aka yi? Saboda jeri ba ajiya ce kawai ba, hukunci ne. Har yaushe za a riƙe netwok ɗin da ya yi shiru? Daƙiƙa 30 ta dace da Wi-Fi, inda aka saba da shela kusan sau goma a daƙiƙa. A 802.15.4 jagora mai BO 14 yana shela sau ɗaya a fiye da minti 4, wani kuma duk milisakan 15, babu adadi ɗaya da zai yi wa su biyun adalci. Sannan daga saƙo 33 ɗin can, wane LQI za a ajiye, na ƙarshe, ko mafi kyau, ko matsakaici? LQI lamba ce daga 0 zuwa 255, amma kowane kamfanin guntun rediyo da yadda yake auna ta. Manhajar da ta san rediyonta da aikinta ita ta fi cancanta ta yanke. Kenel kuwa duk ƙofar da ya buɗe wa manhajoji sai ya riƙe ta shekara da shekaru. Tsohuwar hanyar Wi-Fi ta `SIOCGIWSCAN` ta isa misali: tana cusa sakamako duka a ma'ajiya ɗaya wadda tsawonta ba ya wuce bit 16, wato kilobayit 64, a wuri mai cunkoson netwok sai ta dawo da kuskuren `E2BIG`, wato sakamakon ya fi ƙarfin ma'ajiyar.

Jerin kenel yana da ranarsa idan masu karatu suna da yawa. A kwamfutar tafi-da-gidanka manhajar da ke kula da Wi-Fi, wpa_supplicant ko iwd, ta yi lalube, kai kuma ka zo daga baya da `iw` ka leƙa, ba ka taɓa rediyo ba, ba ka buƙaci izinin mai gudanarwa ba. A allon 802.15.4 galibi manhaja ɗaya ce ke riƙe da rediyon, saboda haka wannan ribar ba ta cika tasowa ba. Idan naka allon yana da manhajoji biyu ko uku masu son sani, dubi Bluetooth. Can ma kenel sanarwa yake turawa duk na'urar da aka gano, sai bluetoothd na BlueZ, mai kula da Bluetooth a Linux, ya riƙe jerin a waje da kenel ya raba wa kowa ta D-Bus, hanyar saƙo tsakanin manhajoji. Ƙaramar manhaja mai zama a bayan fage, ita kaɗai ke sauraron `scan` tana ba sauran amsa, za ta yi maka wannan aikin.

Abu ɗaya kuma da zai iya sa ka zargi hanyar rahoto alhali ba laifinta ba ne: idan lalube ya dawo babu komai, duba irin laluben da ka yi. Na sauraro kawai ba ya jin sai mai shela a kai a kai, shi ma sai n ɗinka ya kai BO ɗinsa kafin ka tabbata ka kama shi. Netwok ɗin Zigbee na yau da kullum yana kan BO 15, wato ba ya shela sai an tambaye shi. Irinsa sai lalube mai tambaya, wanda rediyonka zai fara aika buƙatar shela a kowace tasha sannan ya saurara.